Ɓawon Lemon da Ya Gasa wa Viviana

Ranar Talata ce da hantsi. Ina durƙushe gaban wata mata ina kama mata bakin siket, allurai uku a bakina, sai wayata ta hau kuka a kan keken ɗinki. Ta yi shiru, ta sake. Ta yi shiru, ta sake.

"Doña Ofelia, ki duba mana, ko wani abu ne," in ji matar.

Na girgiza mata kai. Tun da mijina Aníbal ya rasu na daina rige-rigen ɗaukar waya. Labarin da nake tsoro ya riga ya zo ya same ni, sauran duk za su iya jira.

Sai da ta tafi na duba. 'Yata ce Rocío, saƙo a kan saƙo.

"Mama!!!"

"Kina ina ne"

"Kawu Horacio ya yi wasan talabijin ɗin nan da gaske"

"Ranar Juma'a za a sake shi, kashi takwas"

"Ki kalli dogon nan mai shuɗiyar riga"

"Baba ne Mama. Na rantse Baba ne"

A ƙasa ta turo ɗan bidiyo na minti biyu. Na danna. Mutum shida masu furfura a kan dogon tebur a tsakar gida, nama yana gasuwa a bayansu, kowa yana magana ba mai sauraron wani. Sai wani dogo ya sunkuyar da kai, ya sosa bayan kunnensa kafin ya buɗe baki. Ban san lokacin da na zauna a kan tarin yadin mutane ba. Haka mijina yake yi in zai shirga ƙarya don a yi dariya.

Ku da kuke karantawa, ku yi min uzuri. A aji biyar na firamare karatuna ya tsaya, can ƙauyenmu a Santiago del Estero. Da yatsa ɗaya nake buga wannan a waya, kuma daga kaina nake zubo shi, ban ajiye komai a takarda ba. In kun ga na tafi na dawo, haka abin yake yi min a ciki.

Aníbal ya yi jami'a a nan Córdoba, ya karanci aikin gona. Ni kuma ina soya empanada, irin samosarmu mai nama a ciki, a wani ɗan kanti kusa da inda yake hawa bas. Ya yi wata uku yana sayen abin da cikinsa ba ya so kafin ya iya tambayar sunana. Amma kafin ni akwai su. Su shida ne, tun shekararsu ta farko suka haɗu, suka kama wani gidan haya mai yoyo, suka ci taliya ba miya tare. Maza biyar, mace ɗaya. Macen ita ce Viviana, lauya ce yanzu, ofishinta a tsakiyar gari. Ita ba a gidan take kwana ba, in ji su.

Duk ashirin ga Yuli, Ranar Abokai, ko sanyi zai fasa dutse, don a nan Yuli tsakiyar hunturu ne, sai sun haɗu a gidan Horacio da ke kan tuddai a bayan gari. Ba a zuwa da mata, ba a zuwa da miji. Doka ce. Viviana ba matar kowa ba ce a cikinsu, don haka ita dokar ba ta hau kanta ba. Shekara ashirin da shida ina goge masa riga a wannan rana, ina cika masa tire da empanada, yana dawo min da tiren wayam. "Sun ce a gaishe da hannunki." Ban taɓa taka gidan nan ba. Ban kuma taɓa cewa komai ba. In sun zo gidanmu sai su kama hira da sunayen malamai da littattafan da ban sani ba, su fashe da dariya tun ba a ƙarasa zancen ba, ni kuma in yi murmushi in koma kicin.

Horacio shi ne mai rubuta wasannin talabijin. Ranar jana'iza ya riƙe hannuna yana kuka har gemunsa ya jiƙe, ya ce, "Ofe, sai na rubuta mu. Sai duniya ta san Dogo." Dogo suke ce wa Aníbal. Na ɗauka maganar makoki ce, irin wadda ake yi a manta.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci Rocío ta zo da gasasshiyar kaza, ta haɗa wayarta da talabijin ɗin falo, ta jawo bargo ta rufa mana a ƙafa. Sunan wasan Ashirin ga Yuli. An canza musu sunaye, mijina ya koma Ramiro, Viviana ta koma Silvina.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi dariya. Akwai inda su shida suka shiga gidan abinci, ba wanda yake iya karanta takardar abincin, tabarau ɗaya suka dinga miƙa wa juna har mai kawo abinci ya gaji ya tafi. Akwai inda mai tumbin cikinsu ya rantse har yanzu yana iya buga ƙwallo, ya ɗaga ƙafa sau ɗaya, aka ɗauko shi a kan ƙyauren ƙofa. Na yi dariya har da hawaye, kuma rabona da irin wannan tun Aníbal yana raye.

A wasan Ramiro yana da mata, amma ba a taɓa nuna fuskarta ba. Waya ce kawai. Duk lokacin da hira ta yi daɗi sai wayarsa ta yi ƙara, sauran su miƙe su sara kamar sojoji, su ce, "Hukuma na kira!" Shi kuma ya ruga bayan gida yana, "To ranki ya daɗe, to."

Rocío har da riƙe ciki. "Mama ke ce fa! Hukuma!"

Na yi dariyar baki. Sau ɗaya nake kiransa in ya tafi can, ƙarfe biyu na rana, in tuna masa maganin hawan jini, don in ya ga nama da abokai mantawa yake yi. Ashe sara min ake yi. Na haɗiye. Na ce ai wasa ne.

Kashi na huɗu ne ya tsaya min a wuya. Mijin Silvina ya bar ta ya bi wata yarinya, ta zo taron da baƙin tabarau, ana tsokanarta tana ramawa. Can sai ta shige kicin ta fashe da kuka. Ramiro ya biyo ta. Ya ɗauki lemon zaƙi, ya fere ɓawon dogo ɗaya bai tsinke ba. Ya kunna gas, ya riƙe ɓawon a kan wuta har gefensa ya yi baƙi ya nannaɗe. Ya birkita shi cikin sukari. Ya kwantar da shi a gindin ƙoƙon mate, wato shayin ganyen da muke zuƙa da bututun ƙarfe, ya zuba ganye a kai, ya soka bututu, ya tsiyaya ruwan zafi ta gefe ɗaya. Ya hura sau biyu. Ya miƙa mata da hannu biyu.

Babu dariya a wurin. Sai jita a hankali, ita tana kallonsa, shi yana kallonta.

"Tsayar da shi," na ce.

"Mama, yanzu fa ya fara daɗi."

"Rocío, na ce ki tsayar."

Bari in gaya muku abin da na gani. Su Aníbal mate mai ɗaci suke sha, su ce mai sukari na yara ne da tsofaffin ƙauye. Ƙoƙon da ya taɓa shan sukari kuwa ya lalace ke nan a wurinsu, ko shekara aka yi ana wanke shi zaƙin ba ya fita. Shi ya sa ƙoƙo biyu ne a gidanmu, nasa da nawa. Gasa ɓawon lemo kuma na mahaifiyata ne. Shekarar da cikina na fari ya zube ta taso daga ƙauye ta zauna da mu wata guda, kullum da safe tana yi min. Ranar da za ta koma, Aníbal ya tsaya a bayanta ya ce, "Mama, koya min." Sai da ya ƙona yatsa kafin ya iya. Daga ranar har safiyar da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar banɗaki, shi yake yi min. Mu biyu a kicin. Ba a gaban baƙo ba, balle abokansa da za su yi masa tsiya har ƙarshen rayuwarsa. Har hurawar nan sau biyu. Har miƙawa da hannu biyu.

To wa ya gaya wa Horacio?

Kuma abin da ya fi ci min rai, ba a jami'a ya koya ba, balle in ce tsohon zance ne na kafin ni. In ya yi wa Viviana, to da zobena a yatsansa ya yi mata.

"Mama, wasa ne fa," in ji Rocío. "Ƙirƙira suke yi. Wataƙila Baba ne ya ba su labari."

"Ubanki? Ya zauna gaban su Horacio ya ce yana zuba sukari a mate? Gara ya ce ya yi sata."

"To ko da ma ya yi mata, sai me? Mate ne kawai."

Na kalle ta. Shekararta ashirin da uku, miji bai taɓa mutuwa a hannunta ba.

"Ɗauki kazarki ki sa a firji," na ce. "Na ƙoshi."

Washegari na rubuta wa Horacio. Na goge na sake ya fi sau goma, don kada su ga kuskure su yi dariya. A ƙarshe na tura masa: "Horacio barka. Na ga wasan. Wa ya ba ka labarin ɓawon lemo?"

Ya gani. Na ga alamar yana rubutu, ya daina, ya sake, ya daina. Sai ya turo murya.

"Ofe! Sarauniya! Kin gani? Kin ga Dogonmu? Kai, ɗan wasan nan har tafiyarsa ya kwaso. Maganar Hukuma kuma kada ki ji komai, ƙauna ce, kin san mu da shaƙiyanci. Yauwa, ina ma son kiranki. Bana mun karya doka. Ashirin ga wata ke za ki zauna a kujerar Dogo, kowa ya yarda. Rocío za ta kawo ki."

Na rubuta: "Ba wannan na tambaya ba."

Shiru har azahar. Sannan: "Marubuci yana tsintar abu nan da can, Ofe."

"A ina ka tsinci wannan?"

Sai da na gama ɗinke wuyan riga guda kafin amsa ta zo. "Ki yi magana da Vivi. Ni ba zan shiga ba."

Makon nan ban san yadda zan kwatanta muku shi ba. Na ɗinke hannun rigar wata amarya ta ciki, sai da ta zo gwaji hannunta ya ƙi shiga. Na sauko da kwalin hotuna daga saman kabad, na jera duk na ashirin ga Yuli a kan gado, shekara bi da shekara, ina duba inda Viviana take tsaye. A wasu tana can gefe. A wasu tana jikinsa. A ɗaya hannunta yana kan kafaɗarsa, na ɗauki hoton da waya na buɗa shi har yatsunta suka cika fuskar wayar, kamar za su gaya min wani abu. Na shiga shafinta na ga ta saka hoton wasan ta rubuta a ƙasa, "Kullum kana nan, Dogo." Mutum ɗari uku sun sa mata alamar zuciya. Wata har da cewa, "Sannu da rashi, Vivi." Ita ake yi wa sannu da rashi.

Ranar Laraba na je makabarta, ban kai masa fure ba. Na tsaya a kansa da jakata a hannu.

"Aníbal, ka ji kunya," na ce. "Ka mutu ka bar ni ina kishi da shekara hamsin. Ka tashi ka amsa min mana. Sosa kunnen ka gaya min."

Wata tsohuwa da ke share kabarin kusa ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ki gaya masa, 'yata. Nawa ma kullum sai ya ji." Na kusa dariya, amma kuka ne ya fito.

Rocío kuma ba ta bar ni na huta ba. Ta sayo min wata riga ruwan toka mai dogon hannu, ta rataye min a ƙofar kabad. Kullum saƙo.

"Mama kin amsa wa Kawu Horacio?"

"Shekara ashirin da shida kina son ganin gidan nan"

"Don Baba fa za ki je"

Ban amsa mata ba. Viviana na rubuta wa. "Ofelia ce, matar Aníbal. Ki zo ki sha mate ranar Alhamis ƙarfe biyar." Kafin in ajiye wayar ta amsa. "Zan zo." Ba ta tambayi dalili ba. Wannan ma sai da ya sosa min rai.

Ranar Alhamis na wanke kicin kamar za a zo duba tsafta. Na sa koriyar rigata da yake so, na tsaya gaban madubi, na cire. Na sa rigar aiki, na ga kamar na zama mai yi mata aiki, na cire. A ƙarshe baƙin siket na sa da suwaitarsa mai ruwan ƙasa, wadda na naɗe hannunta sau uku. In tana da ido za ta gane ta.

Ƙarfe biyar daidai ta buga ƙofa. Doguwar kwat ruwan toka, jan mayafi a wuya, gashinta a yanke gajere, fari fat, ba ta rina shi, kuma ya yi mata kyau, Allah ya gani ba zan ɓoye ba. Ta riƙo kwalin biredi mai zaƙi. Idon tela ne da ni, nan take na ga maɓallinta na biyu yana lilo a kan zare ɗaya. Ban gaya mata ba.

"Ofelia," ta ce, ta sumbace ni a kunci. Idonta ya sauka a kan suwaitar, ya tashi da sauri.

"Shigo, Lauya. Kicin za mu zauna, falo da sanyi."

"Ki daina ce min Lauya. Shekara nawa?"

"Ai lauyar ce."

Ta zauna a kujerar da na nuna mata, ba tasa ba. Ta ce gidan yana nan yadda ta san shi. Na ce ai ba mai canza shi. Ta ce Rocío ta girma. Na ce tana cin abinci.

Na ɗora buta. Na ɗauko lemo daga kwando. Wata goma sha huɗu ban gasa ɓawon lemo ba, tun ranar da ya faɗi, ruwan zafi da ganye kawai nake sha. Amma ranar na fere shi a gabanta, dogo ɗaya. Na kunna wuta. Ƙamshin ya tashi ya cika kicin. Ban juya ba, amma na ji ta daina motsi.

Na haɗa, na shanye na farko kamar yadda mai zubawa yake yi, na sake cikawa, don ƙoƙo ɗaya ake zagayawa da shi. Na miƙa mata da hannu ɗaya.

Na ce a raina, in ba ta taɓa sha ba, fuskarta za ta nuna. Mai shan ɗaci shekara talatin ba ya iya haɗiye zaƙi bai yamutsa fuska ba. Na kafa mata ido.

Ta karɓa. Ba ta motsa bututun da hannu ba. Ta sha a hankali har ƙoƙon ya yi ƙarar ƙarewa. Fuskarta ba ta motsa ba. Ta miƙo min.

"Ya fi ki ƙona shi," ta ce. "Shi sai ya yi baƙi ƙirin."

Wayyo Allah. Na ajiye ƙoƙon don kada ya faɗi.

"Sau nawa?" na ce.

"Sau ɗaya."

"Ƙarya kike yi."

"Da sau biyu ne da na gaya miki, don ki ji abin da nake ji. Sau ɗaya ne, Ofelia. Shekara goma sha ɗaya ke nan, makon da mijina ya kwashe kayansa. Ba a gidan Horacio ba ne, wannan shi ya ƙara. A gidana ne. Na yi kwana uku ban ci komai ba, na kira Dogo."

"Cikin maza biyar, nawa kika kira."

"Naki na kira."

Ta cire jan mayafin ta ajiye a cinya, tana murza bakinsa.

"Ya zo da la'asar daga wurin aiki, takalmansa duk laka. Na riƙe masa riga. Na ce ya zauna, kada ya tafi. Kin gane abin da nake nufi, ba sai na fassara miki ba."

"Na gane. Aji biyar ya isa wannan."

"Ya ɓamɓare hannuna yatsa ɗaya-ɗaya. Ya shiga kicin yana buɗe-buɗe, ya ce ina lemo. Na ɗauka ya zauce. Ƙoƙo ɗaya gare ni, na mahaifina, tun ina yarinya ɗaci yake sha. Na ce Dogo za ka lalata min shi. Ya ce eh. Da ya miƙo min sai ya ce, 'Wannan na Ofelia ne, aro na ba ki. Shi yake tashinta in duniya ta kwantar da ita. Sha ki tashi.' Ina sha ya dubi agogo ya ce kina jiransa. Ya tafi. Shi ke nan abin da ya faru."

"Tun yaushe kike sonsa?"

"Tun ina da shekara sha tara."

"Ya sani?"

"Kowa ya sani. Ke ma kin sani, shi ya sa kike komawa kicin in na zo."

"A wasan bai dubi agogo ba."

Ta yi wata dariya mara daɗi. "Ranar jana'iza na sha giya na gaya wa Horacio. Duka na gaya masa, har agogon. Da na ga abin da ya rubuta na kira shi na zage shi tas. Ya ce in Ramiro ya tafi gida wurin matarsa, wa zai kalli kashi na biyar?"

"Amma kin saka hoton a shafinki."

Ta ce, "Na saka. A wasan kaɗai Dogo ya tsaya bai tafi ba."

Na zauna. Ban san ko murna zan yi ba ko in fasa wani abu. Ya ƙi ta, ya kira sunana a kicin ɗinta. Amma ya ɗauki abin mahaifiyata ya kai gidan wata, ya dawo ya ci abincina, washegari ya tashi ya gasa min nawa kamar ba a yi komai ba. Shekara goma bai ce min uffan ba.

"Ina ƙoƙon?" na ce.

"Yana gidana. Ya lalace kamar yadda na gaya masa. Komai na zuba, zaƙi."

"Ki kawo min shi."

"A'a."

"Viviana, abin da ke cikinsa na uwata ne."

"Ƙoƙon na ubana ne."

"Me za ki yi da shi? Ke da ba kya shan zaƙi?"

"Ina sha yanzu." Ta ɗago ta dube ni, idonta ya kawo ruwa amma bai zubo ba. "Ke kullum da safe kika sha, shekara ashirin da biyar. Ni la'asar ɗaya ce, ita ma aro. Ki kai ni kotu in kina so. Ba zan ba ki ba."

Na ɗauki buta na cika ƙoƙon. Ita ya kamata in miƙa wa. Ta san haka. Na kai bakina na shanye ina kallonta, na sake cikawa, na sake shanyewa. A gidan kowa a ƙasar nan an san ma'anar wannan, sallamar baƙo ce. Ta miƙe, ta naɗa mayafinta.

A bakin ƙofa ta juyo. "Za ki zo ashirin ga wata?"

"Za ki je?"

"Ban taɓa fashi ba."

"To sai mu gani."

Biredinta na nan a kan firji har ya bushe, ban buɗe kwalin ba.

Yau sha shida ga wata. Saƙon Horacio yana nan ban amsa ba, rigar Rocío tana rataye a ƙofar kabad. Da safe nakan yarda da Viviana, don "aro na ba ki" maganarsa ce, kamar ina jin muryarsa. Da rana kuma sai in tuna lauya ce, ta san yadda ake jera magana a ba wa mutum abin da zai iya ɗauka. Mutum biyu ne suka san abin da ya faru a kicin ɗin nan, ɗaya yana ƙarƙashin ƙasa, ɗayar kuma tana shan mate a ƙoƙon da ya lalata mata.

Ban ƙarasa wasan ba. Rocío ta ce ƙarshen yana da daɗi, na ce ta riƙe abinta. Amma ta koya min yadda ake jan ɗigon nan na ƙasa da yatsa a kai inda ake so. Kullum da safe in na ɗora buta sai in jingina wayar a jikin gwangwanin sukari, in buɗe kashi na huɗu, in ja zuwa minti na sha tara. A wurin ba a nuna fuskar ɗan wasan, hannuwa ne kawai, dogaye, da wuƙa da lemo. In kalli ɓawon yana sauka. In kalli wutar tana cinsa. In ji hurawar, ɗaya, biyu. Hannuwan su ɗago ƙoƙon su miƙo shi gaba.

Sai in danna in tsayar. A nan hannun Silvina bai shigo ba tukuna.